Kyamarar Tsaro Ta Fara Nuna Yatsa: Me Ke Cikinta, Kuma Yaushe Za a Yarda da Ita?

Duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin naɗin bidiyo bayan an fasa shago ya san wahalar da ke ciki. An rufe ƙarfe tara na dare, an dawo bakwai na safe an tarar da kwaɗo a karye. Sa'o'i goma ke nan na bidiyo, in kuma kyamarori huɗu ne, arba'in. Mai shago da yaronsa za su zauna suna turawa gaba suna dawowa baya, ba abin da ke wucewa sai kyanwa da ledar da iska ke kaɗawa, har ido ya yi ja. In an taki sa'a a ga inuwar wani da hula a janye. Irin wannan kyamara shaida ce kawai, kuma ba ta buɗe baki sai aikin gama ya gama.

Waɗanda ke cika kasuwa a 'yan shekarun nan ba haka suke ba. A jikin kwalinsu an rubuta cewa suna gane mutum, suna gane mota, wasu har fuska da lambar mota. Mai sayarwa zai ce maka wannan mai ƙirƙirarriyar basira ce. Idan wani ya haura katanga ƙarfe biyu na dare, kafin ya gama karkaɗe wandonsa saƙo ya shigo wayarka da hotonsa. Idan akuya ce ta bi gindin katangar, shiru za ka ji. Da safe kuma in kana neman wani abu, sai ka ce a nuna maka duk inda mutum ya gifta ta ƙofar baya tsakanin sha biyu da asuba, ta jero maka 'yan guntaye. Tunda abin ya shiga shaguna da gidajen mai da makarantu da masallatai da gidajen mutane, gwamnatoci kuma na zuba kuɗin jama'a a kai, ya kamata mu san abin da ke cikinta. Ni dai abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: duk ƙarar da wannan kyamara ta buga zato ne da aka yi da lissafi, kuma zato yana bukatar mutum ya tantance shi.

Gane motsi ba sabon abu ba ne. Tun bayan da kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ya fitar da kyamarar farko mai haɗuwa da intanet a 1996, aka yi ta sa wa kyamarori dabarar kwatanta hoton yanzu da wanda ya gabace shi. In ɗigogin hoton sun canza da yawa, sai ta ce an yi motsi. Matsalar ita ce reshen dalbejiya ma motsi yake, fitilar mota ma tana canza hoto, haka ruwan sama da ƙwaron da ya sauka a kan gilashi. Mai gida zai jure kwana biyu ko uku waya na ta ƙara a banza, daga nan ya kashe sanarwar baki ɗaya. Ranar da ɓarawon gaske ya zo, ba mai saurare.

Abin ya sauya ne a 2012. A shekarar, wasu masu bincike uku daga Jami'ar Toronto ta Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, suka shiga gasar gane hotuna ta ImageNet, inda ake ba kwamfuta hotuna sama da miliyan ɗaya na abubuwa iri 1,000 ta koya. Manhajarsu ta yi kuskuren kusan kashi 15 cikin ɗari, mai bi mata kuwa kusan kashi 26. Sirrin ba a dabara kaɗai yake ba. Sun horar da ita ne a kan katunan zane guda biyu na kamfanin Nvidia, irin waɗanda samari ke saya don wasannin kwamfuta. Daga nan duniya ta gane cewa aikin gani aikin lissafi ne mai yawan gaske, kuma akwai na'urar da ta fi dacewa da shi.

Bari mu tsaya kan lissafin, domin shi ne zuciyar maganar. Hoto ɗaya na kyamarar da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Kowane ɗigo lambobi uku ne: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. Kyamara kuma tana ɗaukar irin wannan hoto sau 25 ko 30 a daƙiƙa ɗaya. Kwamfuta ba ta ganin mutum ko akuya, lambobin nan kawai take gani. Don ta fitar da siffa, sai ta ɗauki 'yar taga ƙarama, misali ɗigo uku sau uku, ta riƙa zamar da ita a kan hoton tana ninka lambobi tana tarawa. Zagayen farko yana fito da gefuna da layuka. Na gaba yana haɗa layukan su zama kwana da da'ira. Can ciki sai a fara samun abin da ya yi kama da taya, da kafaɗa, da ido. A ƙarshe ta zana akwati a kan wani sashe na hoton ta ce: mutum, tabbacin kashi 87. Wata sananniyar manhaja mai suna ResNet-50, wadda masu binciken Microsoft suka fitar a 2015, tana cin ninkawa da tarawa kusan biliyan huɗu kafin ta gama da ƙaramin hoto ɗaya tak. Ninka wannan sau 25 ka ga nauyin daƙiƙa guda.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yau da kullum, wadda ake kira CPU, kamar gwanin manomi ɗaya ne da ya iya huɗa da shuka da girbi da ɗaurin dami, amma hannunsa biyu ne. Aikin gani kuwa gona ce mai kunya dubu, kuma kowace kunya abu ɗaya take so, a bi ta da fartanya. Nan gayya ake kira. Cif ɗin da ake ƙerawa don wannan aiki, ko katin zane ne ko wanda ake kira NPU, gayya ce ta dubban ƙananan ma'aikata da ba su iya komai ba sai ninkawa da tarawa, amma suna yi a lokaci guda. Wannan shi ne hanzarta aiki da na'ura maimakon a bar wa manhaja ita kaɗai.

Da farko sai an tura bidiyon zuwa manyan kwamfutoci a wani ɗaki mai sanyi. A hankali aka ƙanƙantar da gayyar har ta shiga cikin kyamarar kanta. Intel ya sayi kamfanin Movidius a 2016 saboda irin waɗannan cif. Google ya fitar da Edge TPU, mai lissafi tiriliyan huɗu a daƙiƙa da wutar da ba ta wuce wat biyu ba, ƙasa da abin da ƙaramin ƙwan fitila ke sha. Nvidia ya kawo Jetson Nano a 2019 a kan dala 99. Kamfanin Hailo na Isra'ila yana da mai tiriliyan 26. Sony kuwa a 2020 ya manna sashen lissafin a bayan idon kyamarar kansa. Akwai kuma Ambarella na Amurka da HiSilicon na Huawei, wanda cif ɗinsa ya mamaye kyamarorin tsaro kafin takunkumin Amurka ya taka masa birki. Wata dabara da ta taimaka ita ce rage tsawon lambobin: maimakon a yi lissafi da lamba mai gurbi 32, sai a yi da mai gurbi 8. Ana ɗan rasa daidaito, amma wuta da zafi da kuɗi duk suna sauka.

Me ya sa wannan ya shafe mu a nan? Data da wuta. Ko bayan an matse bidiyo da tsarin H.264, kyamara ɗaya mai tura megabit huɗu a daƙiƙa tana cinye gigabait 43 a yini. Wa zai sayi wannan datar kullum, balle mai kyamara takwas? Amma in kyamarar ce ke yin nazarin da kanta, abin da za ta turo ɗan rubutu ne: mutum, jar riga, ƙofar baya, 2:14, sai ƙaramin hoto. Ko netwok ya ɗauke tana ci gaba da aiki tana ajiyewa a katin memori. Ɗan faifan sola da batir na iya riƙe ta a gona ko a rumbun ajiya inda ba sandar wuta ko ɗaya. Wannan amfani ne na gaske, ba zancen talla ba.

Kuma amfanin bai tsaya kan ɓarayi ba. Ana ja wa kyamara layi a kan hoto a ce duk wanda ya tsallaka a sanar. Tana ƙirga masu shiga da fita. Tana lura da jakar da aka ajiye aka tafi, ko motar da ke tafiya hannun da bai dace ba, ko hayaƙi. A Legas akwai kyamarori masu karanta lambar mota, saƙon tara ya iske mai mota a wayarsa. Inda abin ya fi burge ni shi ne auna cunkoso. Duk wanda ya tuna turmutsutsun Mina na 2015, wanda ya ci alhazai da dama daga Nijeriya da Nijar, ya san darajar na'urar da za ta ce hanya kaza ta fara cikewa tun kafin mutane su fara danne juna. Hukumomin Saudiyya yanzu na amfani da irin wannan nazari a wuraren aikin hajji. A wannan aiki ba a bukatar sanin sunan kowa, yawan kawuna kawai ake so. Faransa ma da ta ba da izinin gwada irin waɗannan kyamarori a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ta yarda a gano cunkoso da kayan da aka yasar, amma ta hana gane fuska.

Wannan bambancin a riƙe shi da kyau. Gane cewa akwai mutum a wuri daban ne, gane cewa wane ne daban. Na farko kuskurensa ya tashe ka daga barci a banza. Na biyu kuskurensa na iya kai bayin Allah bayan kanta.

Kyamara ba ta koyon komai a jikin katangarka. An riga an horar da manhajar a wata ƙasa da miliyoyin hotuna, aka zuba ta cikin cif a rufe. Abin da aka nuna mata da yawa shi ta fi ganewa. In hotunan da ta koya da su cike suke da masu wando da kwat a titunan Turai da Sin, ba abin mamaki ba ne ta yi tuntuɓe da babbar riga da rawani, ko mace cikin dogon hijabi da ya rufe siffar kafaɗa da ƙafa, ko ta rasa ajin da za ta sa adaidaita sahu da amalanke. Sai kuma yanayi. Hazon hunturu yana dusashe hoto, ƙura na kwanciya a gilashi. Da dare yawancinsu na komawa fari da baƙi da hasken da ido ba ya gani, don haka maganar jar riga ta ƙare, kuma saƙar gizo ɗaya a gaban gilashi ta isa ta haske hoton duka. Zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, da ke haura digiri 40, in ya haɗu da kyamarar da ke kallon rana cikin gidan ƙarfe, cif na rage gudu don kada ya ƙone. Alkaluman da ke jikin kwali ba a irin wannan hali aka auna su ba.

Game da launin fata kuwa, an yi bincike, ba jita-jita ba ce. A 2018 Joy Buolamwini ta jami'ar MIT, wadda iyayenta 'yan Gana ne, tare da Timnit Gebru, suka gwada manhajojin IBM da Microsoft da Face++ a kan tantance namiji da mace daga hoton fuska. A kan fararen maza kuskuren bai wuce kashi 0.8 ba. A kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7. A Disambar 2019 hukumar auna ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189 na gane fuska, ta gano da yawansu sun fi saurin cewa mutum biyu daban mutum ɗaya ne idan fuskokin na 'yan Afirka ta Yamma da ta Gabas ko Gabashin Asiya ne, a wasu har ninki goma zuwa ɗari. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma mai saye ba shi da hanyar sanin wacce ce aka zuba a cikin tasa.

A Janairun 2020 'yan sandan birnin Detroit na Amurka suka kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa mata, kan satar agoguna a wani kanti. Hujjarsu hoton kyamarar kantin ne mai dishi-dishi da manhaja ta ce ya yi kama da na lasisin tuƙinsa. Ya shafe kusan sa'o'i 30 a tsare kafin ta bayyana ba shi ba ne. Sai a 2024 aka sasanta, birnin ya biya diyya, aka kuma hana 'yan sandansa kama mutum bisa abin da manhaja ta faɗa kaɗai. Can ke nan, inda ya samu lauyoyi da 'yan jarida. Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo kasuwarmu, inda kalmar ɓarawo ɗaya ke tara mutane da gora da taya kafin a tambayi ba'asi. Mun taso da cewa gani ya kori ji, don haka idan aka ce kyamara ce ta nuna shi, wa zai tsaya musu?

Ko manhajar ta ƙware, lissafi yana da nasa tarkon. A ɗauka tasha ce da fuskoki 100,000 ke wucewa a yini, manhajar kuma na kuskure sau ɗaya a cikin dubu. Mutum 100 ke nan za a nuna wa yatsa kullum ba su ci ba ba su sha ba, alhali wanda ake nema wataƙila bai ma biyo ta nan ba. Shi ya sa dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta hana jami'an tsaro gane fuskokin jama'a kai tsaye a bainar jama'a sai a wasu ƙayyadaddun yanayi, kamar neman wanda aka sace ko barazanar ta'addanci. Joseph Redmon, wanda ya ƙirƙiro YOLO, ɗaya daga manhajojin gano abubuwa da suka fi yaɗuwa a duniya, ya sanar a 2020 cewa ya bar wannan fage saboda yadda ake amfani da shi a aikin soja da leƙen asirin mutane.

Hikvision da Dahua, manyan kamfanonin birnin Hangzhou na Sin da kayansu suka cika kasuwanninmu, Amurka ta sa su a jerin takunkumi a Oktoban 2019 bisa zargin an yi amfani da na'urorinsu wajen sa ido kan Musulmin Uighur a Xinjiang. Akwai siyasar kasuwanci a rigimar ƙasashen biyu, ba shakka, amma darasin bai da ruwa da tutar kowa: na'urar da ke ƙirga masu shiga masallaci don a buɗe ƙofa ta biyu, ita ce dai za ta iya rubuta wa ya zo wa bai zo ba.

A gida kuma damuwarmu ta farko ma ita ce ko abin zai yi aiki. A 2010 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ba kamfanin ZTE na Sin kwangilar dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro, ciki har da kyamarori a Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Exim na Sin. Majalisar Wakilai ta sha tayar da maganar saboda kyamarorin ba su yi aikin da aka saye su dominsa ba. Don haka duk gwamnan da ya zo da albishir na kyamarori masu basira, tambayoyin da za a yi masa ba na fasaha ba ne. Wa zai goge gilashi ya canza batir bayan shekara biyu? In ta buga ƙara, wa zai taso, da wace mota? Wa ke riƙe da bayanan, har tsawon wane lokaci, kuma wa zai hukunta jami'in da ya bi sawun tsohuwar matarsa ko ɗan adawa da su?

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta sa bayanan halittar jiki da ake gane mutum da su, irin su fuska da zanen yatsa, cikin bayanai masu tsauri da ba a sarrafa su kara zube. Nijar na da tata dokar tun 2017 da hukumar HAPDP, Gana kuwa tun 2012. Mai otal ko makaranta ko babban kanti da ya kunna gane fuska ya shiga ƙarƙashin waɗannan dokoki, ko ya sani ko bai sani ba.

Mai gida ma bai tsira ba. Dokar Nijeriya ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ya yi don amfanin gidansa, amma da sharaɗin kada ya keta sirrin wani. A gininmu tsakar gida a buɗe take, nan mata ke girki da wanki da shan iska ba mayafi. Mai bene da ya kafa kyamara a saman baranda, musamman mai juyawa da jawo hoto, yana iya kallon tsakar gidan maƙwabta uku ba tare da ya yi niyya ba. Addini ya hana leƙen asirin mutane tun kafin a ƙera gilashin kyamara. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: a sunkuyar da ita ta kalli ƙofa da katangarka, sannan a ce wa mai haɗawa ya rufe sashen maƙwabci a cikin saiti. Kusan duk kyamarorin zamani suna da wannan, baƙin akwati ne ake zanawa a kan hoton, abin da ke bayansa ba ya shiga naɗi. Ka kira maƙwabcin ka nuna masa allon da idonsa.

Sai maganar kalmar sirri, wadda ita ce ƙofar da aka fi bari a buɗe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta, irin su admin da 12345. Da haka ta kame ɗaruruwan dubban kyamarori da akwatunan naɗi, aka yi amfani da su a Oktoban shekarar wajen kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix. A Maris 2021 kuma masu kutse suka shiga kyamarori kusan 150,000 na kamfanin Verkada, ciki har da na asibitoci da makarantu da gidajen yari. A wurinmu abin da ya fi yawa bai kai nan ba: yaron da ya haɗa maka kyamara shi ya buɗe asusun da lambarsa, shi ya zaɓi kalmar sirri, kuma har gobe falonka na buɗewa a wayarsa. Kafin ka sallame shi, ya buɗe asusun da lambarka ko imel ɗinka, ka canza kalmar da hannunka, ka duba jerin wayoyin da aka ba izini ka goge wadda ba ka sani ba. Ka tambaye shi ko nazarin a cikin kyamarar ake yi ko sai an tura bidiyon waje, domin wasu masu arha suna tura komai zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma in ka daina biyan kuɗin wata basirar ta tsaya. Sannan kada ka biya cikon kuɗi da rana. Ka bari dare ya yi, a kashe fitilar waje, wani ya sa babbar riga ya bi gindin katanga, wani ya koro akuya, ka ga wanne daga ciki zai sa wayarka ta yi ƙara.